Motar da Ta Tsaya a Bakin Ruwa

Ranar da Tadas ya fara zuwa ajin koyon Turanci na manya, ƙarnin ƙaguwa ya riga shi shiga. Saurayi ne ɗan Lituweniya, yana aiki a rumfar gyaran ƙaguwa da ke gari. Malamar, Elspeth 'yar tsibirinmu, ta juyo daga allo, sai ta manta abin da take rubutawa.

Darasin ranar na kalmomin da ke faɗin sau nawa ake yin abu ne: kullum, galibi, wani lokaci, da wuya, sam.

"Sabon ɗalibi, ba mu misali."

"Kullum ina wanke hannu, Malama. Da wuya ƙarnin ya fita."

Aji ya kwashe da dariya, har da ita.

"To me ba ka taɓa yi ba sam?"

"Ban taɓa ganin hanyar nan taku da teku ke haɗiyewa ba."

Ranar Asabar ta kai shi. Hanya ɗaya ce tak tsakanin tsibirinmu da gari, kuma sau biyu a rana teku kan taso ya shafe ta. Ba ya zuwa da hayaniya. Sai dai ka ga ruwa yana rarrafowa ta dama da hagu, can kuma ka nemi kwalta ka rasa, sai kawunan sandunan gefen hanya da tsuntsaye. Mu da aka haifa a nan ma har yau tsigar jikinmu kan tashi. Tadas ya cire hularsa. A nan Elspeth ta san zuciyarta ta tafi.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Hector kuwa ya ce bai san zancen ba. Shi ke janyo motocin baƙi da tarakta in ruwa ya ritsa da su, don haka ba ya ganin baƙo da gashi.

"Su zo da rani, su tsere da sanyi! Ga Fergus nan ɗan maƙwabta, da jirginsa."

"Baba, ka gan shi sau ɗaya mana."

"Lahadi, abincin rana. In bai zo ba, kada ki sake kawo min sunansa."

Ta aika masa saƙo: "Ɗalibina, Lahadi ce ranarmu. Don Allah ka riga ruwa."

Ya amsa: "Ko da rarrafe, hasken idona."

Sai ga jirgin ƙaguwa ya makara ranar, aka riƙe Tadas a rumfa. Ya iso bakin hanya bayan lokacin da aka kafa na tsallakawa ya ɗan wuce. Kwalta a bushe take, tsibiri ga shi nan kamar ya miƙa hannu. Ya taka burki, ya kashe mota.

"Ina bakin ruwa, Malamata. Lokaci ya wuce, ba zan shiga ba. Ki yafe ni."

Elspeth ta karanta, hawaye ya zubo. Fergus, wanda ya gayyaci kansa, ya taɓe baki.

"Galibi ana wucewa lafiya a wannan lokacin. Da ni ne da tuni na iso. Matsoraci kawai!"

Cikin fushi ta rubuta: "Hanya a bushe take, kowa na gani. Ashe iyakar son ke nan?"

Tadas bai shiga ba, bai kuma juya ba. Hector dai yana taga da madubin hangen nesa, nama yana hucewa a tebur. Ya ga ruwa ya rufe hanya, ya ga ƙaramar motar tana nan. Yamma ta yi, teku ya fara janyewa, tana nan.

Tsohon ya ɗauki makullin tarakta.

"Duk gawar da na taɓa fitarwa daga ruwan nan, Fergus, ta mai irin bakinka ce. Elspeth, ɗumama naman."

Da kansa ya tsallaka, ya ƙwanƙwasa gilashin motar.

"Kai ne ka bar 'yata tana kuka?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Da ta yi kukan mutuwata, gara ta yi kukan fushi da ni."

Hector ya juya ya nufi tarakta. "Biyo ni a hankali."

A bakin ƙofa Elspeth ta tare Tadas, ido jajir.

"Na faɗi abin da bai dace ba, masoyina."

"Na ji tsoron rasa ki fiye da tsoron ruwan, wallahi."

Da bazara aka ɗaura aure, a lokacin da teku ya ba da hanya. A al'adarmu amarya kan tsallake wani tsohon dutse a bakin coci, maza biyu 'yan tsibiri suna riƙe da hannayenta. Hector ya kama na dama. Tsohon masuncin da zai kama na hagu ya matso, sai Hector ya girgiza kai, ya yafito ango.

"Ai baƙo ba ya riƙewa, Hector," in ji masuncin.

"Ina baƙon? Zo nan, ɗana. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku a tudu da ruwa."

Elspeth ta tattare farar rigarta, ta yi tsalle.