Takalmin Amarya Ƙafa Ɗaya

Da cizo suka fara.

Kafinta yana durƙushe a shagon ɗinkin labule yana ɗaure ƙafar teburin yanka, sai ya ji an kafa masa haƙora a dantse. Ya juyo a firgice, ya ga wata 'yar mitsitsiyar yarinya da ƙulu a goshi, tana harararsa kamar ta kama ɓarawo.

"Ɗigo! Sake shi!" Mai shagon ta taso daga kan keke da gudu. "Don Allah Malam ka yi haƙuri. Haka take yi wa duk wanda ya taɓa mini kaya."

"Ai aikinta take yi," ya ce yana murza wurin. "Ni da ina da mai gadi irin wannan, da ba a sace mini guduma biyu ba."

Mai-labule ta yi dariya, shi kuwa ya manta ƙusar da ke hannunsa. Kafin ya tafi ya dubi ƙulun goshin yarinyar, ya dubi kusurwar teburin, ya ga tsayinsu ɗaya. Ya ɗauko abin gugarsa ya goge kusurwar har ta yi sumul, sannan ya yi sallama.

Teburin nan bai sake zama lafiya ba. Duk bayan kwana biyu sai Kafinta ya tuna akwai ƙafar da bai duba ba. A haka ya ji labarinta: mijinta ya rasu tana da cikin wata bakwai, da ta haifi Ɗigo dangin mijin suka ce tunda mace ce ta riƙe abarta. Yanzu yarinyar tana da shekara biyu da rabi, suna zaune wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifin Mai-labule, wadda ta raine ta tun tana ƙarama.

Wata rana da rana tsaka saƙonsa ya shigo wayarta:

"Mai-labulena, ni ban iya magana ba, katako na iya. Amma na auna zuciyata ta kowane ɓangare, ke kaɗai ce kika shiga daidai. Ki ba ni izini in turo manya. Ki gaida mai gadi, ki ce mata ciwon bai warke ba."

Ta amsa:

"Sarkin katako, mai gadi ta ce ka turo. Ta kuma cinye rabin katin shagonka da ka bari."

A gidansu Kafinta ne aka tayar da ƙura. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce ɗanta saurayi ne, ba ta ga abin da zai kai shi ga bazawara mai goyo ba. Yaya, babbar yayarsa, ta fi ta zafi, don ita ta riga ta tanadar masa ƙanwar mijinta, wata ma'aikaciyar jinya, har tana kawo ta gidan da sunan duba wa Hajiya hawan jini. Kafinta ya riƙa gaida budurwar da ladabi yana wucewa. Da suka ga ya kafe, Hajiya ta ce to, a sa rana.

Sai dai wannan "to" ɗin da sauran magana a bayansa, kuma Yaya ce ta kai sauran gidan Gwaggo. Ta zauna a bakin kujera kamar kujerar za ta shafa mata wani abu. Ɗigo ta taho da biskit a hannu, ta dafa mata gwiwa.

"Kai, a ɗauke wannan abar, kar ta ɓata mini kaya." Ta ture ta da bayan hannu, sannan ta dubi Mai-labule. "Kin dai san sa'a kika ci. Ƙanina ya yarda ya ɗauki ragowar wani, to kar ki haɗa masa da tarkace. Yarinya a nan za ta zauna."

"Shi ne ya ce haka?"

"Shi zai iya kallon idonki ya faɗa? Kunya ce ta sa ya turo ni. Kuma in kina da hankali ba za ki tayar masa da maganar ba."

A nan ne Mai-labule ta yi kuskuren da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Ba ta tambaye shi ba. Tsoro take kar ta tambaya ya ce haka ne, ta rasa shi ta kuma rasa mutuncinta. Shi ma da nasa laifin. Kullum yana can sabon gidan da ya kama musu haya yana ƙwanƙwasa, ya hana ta leƙawa, wai sai ranar biki za ta gani. Da ya daina ganin Ɗigo a shago ya tambaya, ta ce tana wurin Gwaggo, ya ɗauka hidimar biki ce.

Saura sati huɗu Gwaggo ta ce gara a saba wa yarinyar tun yanzu.

Ga yadda ake sabawar. Da safe in Mai-labule ta sa takalmi, sai Gwaggo ta damƙe Ɗigo ta shige ɗaki da ita ta murza makulli, ta ce mata, "Mama ta tafi. Ba za ta dawo ba. Yi shiru." Da yamma in uwar ta dawo, ba ɗauka, ba goyo, ba ba ta abinci a baki. An kwashe katifar yarinyar da fo ɗinta an kai ɗakin Gwaggo.

"Gwaggo, ai ƙarya ake mata, ina dawowa."

"Ranar da ba za ki dawo ba fa? Ni ma haka aka yi mini da uwata za ta sake aure. Ga ni, na mutu?"

Ranar farko Ɗigo ta yi kuka har ta amayar da madarar da ta sha. Uwar tana tsaye a bayan ƙofa da jaka a kafaɗa, tana jin ƙananan hannuwa suna dukan katako, ta cije gefen mayafinta ta fita.

Gidan kuwa ya cika da hidima. Ana kawo kayan ɗinki, ana jera kwalaye a falo, ƙawaye suna gardama kan launin da za a saka. Ɗigo tana yawo a tsakanin ƙafafunsu. Ta zana wa katunan gayyata goma sha biyu rana da jan biro, ta zuba shinkafa a akwatin amarya, ta yi fitsari a kan ledar sabon bargo. Sai kuma ta ƙirƙiro wata dabara: ta lura Mama ba ta tafiya sai ta sa takalmi, don haka ta fara ɓoye shi. Ƙafa ɗaya kawai take ɗauka. An tsince shi a firji, an tsince shi a bokitin wanki, an tsince shi a cikin tukunya. Duk ranar da aka gano, Gwaggo takan buga mata mataji a kan yatsu.

Rana ta tara Ɗigo ba ta yi kuka ba. Da ta ga uwarta ta ɗauki jaka, da kanta ta taka zuwa ɗakin Gwaggo, ta juya fuskarta ga bango ta tsaya.

"Kin gani ko?" Gwaggo ta ce cike da alfahari. "Ta saba."

Da yamma uwar ta faki ido ta miƙa mata ayaba. Yarinyar ta kalli ayabar, ta kalli Gwaggo, ta maida hannuwanta baya. Mai-labule ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kar a ji kukanta. Ta tsani Yaya, ta tsani Gwaggo, ta fara tsanar mutumin da take shirin aura, amma duk cikinsu ba wanda ta tsana kamar kanta.

Saƙonsa yana nan yana zuwa kullum:

"Amaryata, saura kwana shida. Yau na ji miki wani ƙamshin sabon katako, na ce ina ma kina nan. Me ya sa amsarki ta koma gajera?"

Ta rubuta masa: "Gajiya ce."

A ranar ce ta ce ba za ta rataya labulen wani a gidanta ba, dole ta je ta auna tagogi. Kafinta ya tafi ɗauko madubin ɗaki, makulli yana hannun Yaya, ita ta kai ta. Gida ne mai ɗaki biyu da falo. Yaya ta nuna ƙaramin ɗakin da baki. "Wannan na ajiyar kaya ne, ba sai kin sa masa labule ba."

Mai ɗinkin labule ba ta awo a tsaye kawai. Sai ta durƙusa ta kai tef har ƙasa, don ta san inda labule zai tsaya. Tana durƙushe a falo ta ɗago kai, sai ta ga gidan daga inda babba ba ya ganinsa.

Teburin tsakiya ba shi da kusurwa ko ɗaya, duk an goge. Haka kantar talabijin, haka bakin kujeru. Soket ɗin da ke ƙasa an rufe su da murfin katako. Ta rarrafa zuwa kicin a kan gwiwa, Yaya tana cewa lafiyarki kuwa, ta ga kowace durowar ƙasa da 'yar sakata a ciki. A ƙaramin ɗakin, kan sabon kafet, ga sawun ƙafafun gado huɗu, ɗan gajere. A jikin ƙofar kuma, ƙasa da mariƙin manya, an kafa wani ɗan mariƙi, da zanen fensir a sama da shi.

Ta ɗora tef a kan zanen. Santimita tamanin da bakwai. Ita take ɗinka wa Ɗigo riguna, ta san lambar nan kamar sunanta.

"Yaya," ta ce, "ina gadon?"

"Wane gado?"

Ta kira shi a waya. Kalma uku ta iya faɗa: "Zo gidan yanzu."

Ya iso da garin katako a gashinsa. A bayan gida suka sami gadon, kusa da kwandon shara, inda Yaya ta sa aka jefar da shi da safen nan kafin amarya ta gani. Ƙafa ɗaya ta karye. Mai-labule ta faɗa masa komai, tun daga zuwan Yaya har matajin Gwaggo. Bai ɗaga murya ba. Ya karɓi makullin daga hannun yayarsa, ya buɗe mata ƙofar waje ya tsaya har ta fita.

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Kai me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ɗauki gadon a ka, ta bi shi da karyayyar ƙafar a hannu.

Ya fara zuwa wurin Hajiya, ya durƙusa ya ce ko dai su uku su shiga gidan, ko ya mayar wa mai gida makullinsa. Hajiya ta kawar da kai. "Je ka yi," ta ce. "Amma kar a koya mata ce mini kaka."

Daga nan suka wuce gidan Gwaggo. Ɗigo tana zaune a ƙofar ɗaki da 'yar tsanarta. Ya tsuguna, ya kama jakar uwarta yana ja da gangan, ya miƙa mata dantse.

"Mai gadi, ga ɓarawo yana taɓa kayan Mama. Cije shi mana."

Ta kalle shi, ta kalli jakar, ta tashi ta je ta fuskanci bango. Kafinta, ƙaton mutum, ya zauna dirshan a ƙasa ya rufe fuskarsa.

Ranar biki, an gama yi wa amarya kwalliya, mota tana jira, aka nemi takalminta na hagu aka rasa. Ƙawaye suka hargitsa ɗaki. Can Gwaggo ta hango shi a ƙarƙashin rigar Ɗigo, yarinyar ta rungume shi a ciki da hannu biyu. Gwaggo ta yunƙura za ta fizge, amarya ta tare ta.

"Gwaggo, ki bar mata."

"A haka za ki fita? Mutane su ce me?"

"Su ce abin da suka ga dama."

Ta sunkuya da kayanta masu nauyi ta ɗauki 'yarta. Jikin yarinyar ya sandare kamar an ɗauki itace, amma ba ta saki takalmin ba. Haka amarya ta ratsa jama'a tana ɗingishi, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya a ƙasa. Yaya ta taɓe baki. Hajiya ta sa albarka a taƙaice, idonta a wani wuri. Angon kuwa da ya gan su, ya cire nasa na hagu ya riƙe a hannu, suka shiga gidansu a haka.

Ya kafa wata 'yar kanta a gefen ƙaramin gadon, a nan takalmin Mama na hagu yake zama. Kowace safiya sai Mai-labule ta roƙi Ɗigo, ita kuma ba ta bayarwa sai an fara sa mata nata.

Sai da aka yi wata biyu sannan ta cije shi, ranar da ya ɗauki almakashin uwarta. Ya yi ta nuna wa abokan aikinsa sawun haƙoran kamar wanda aka ba lambar yabo.

A satin ne kuma Mai-labule tana ninke kaya ta ji 'yar murya daga ƙaramin ɗaki. Ta leƙa. Ɗigo ta saka 'yar tsanarta a kwali, ta rufe, tana buga murfin da mataji.

"Mama ta tafi. Ba za ta dawo ba. Yi shiru."

Uwar ta durƙusa, ta buɗe kwalin, ta ciro 'yar tsanar ta ɗora mata a cinya.

"Ga ta, ta dawo."

Ɗigo ta ɗan yi tunani, ta mayar da ita cikin kwalin. Uwar ta sake cirowa. Kafinta ya zo ya zauna kusa da su a kan kafet, ya karɓi aikin buɗe murfin.

Allah ya ba wannan gida zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kuma kawo ranar da yarinyar nan za ta bar kwalin a buɗe.