Ruwan Zafin da Ba a Yi wa Bismilla Ba

An ɗauke wuta tun kafin isha'i. Muna zube a tabarma a tsakar gida, mu biyar har da ƙanina Isiya, sauro sai waƙa yake mana. Ƙanwata Kulu ta ɗauki butar shayin da Baba ya rage, ta nufi bakin rariya za ta watsar da ruwan.

"Ke!"

Tsawar Yaya Tasi'u ce, ɗan wan babanmu. Yana zaune a kan turmi, 'yarsa Hajjo na barci a gefen ƙafarsa.

"Ruwan zafi ne a ciki?"

"Eh, Yaya."

"Haka za ki sheƙa shi baki rufe, kamar na'ura? Dawo ki zauna. Ku ma ku matso, ba zan ɗaga murya ba."

Muka matsa. Ga abin da ya ba mu, yadda ya fito daga bakinsa.

Kun san kamfanin shinkafar nan na bayan unguwa. Kafin ya zama kamfani, filin gumi ne. Mata goma sha biyu ke aiki a wurin. Su jiƙa shinkafa a ruwan zafi, su turara, su shanya. Ni nake kawo itace, ni nake tuntsurar da manyan tukwane. Shugabarsu wata tsohuwa ce, Iya Gambo. Duk sanda za a zubar da ruwan jiƙo, sai ta tsaya a bakin kwata, ta riƙe ƙugu, ta ƙwala kira: "Bismillahi! Masu wuri, a janye yara, ga zafi nan!" Sai ta yi shiru, numfashi uku. Sannan a zubar. Kwatar nan ta bayan katanga take bi, ta wuce gindin wani tsohon suri. Dariya muke mata. Ni har kwaikwayonta nake yi, Allah ya yafe mini.

Sai wani mai kuɗi ya sayi filin, ya kawo na'ura. Ba irin injin da kuka sani ba ne, wanda za ka murɗa ya tashi, ka murɗa ya mutu. Wannan da kanta take tunani. Tana da ido a kowace kusurwa. Ita ke sanin shinkafa ta jiƙu, ita ke buɗe bututu ta saki ruwa a lokacin da ta ga dama. Yau da hantsi, gobe da la'asar. Har magana take yi, da muryar mace, Hausa tas amma ba gishiri. Na sa mata suna Anti.

Rana ɗaya aka sallami matan duka. Ni kaɗai aka bari, in zauna gaban allon na'urar, in yi shara, in danna koren maɓalli idan ta ce in danna. Iya Gambo za ta fita, ta tsaya a kaina.

"Tasi'u, wa zai riƙa faɗa musu?"

"Su wa, Iya?"

Ta dube ni kawai. Ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Sati uku bayan nan, ranar Laraba, rana ta take tsaka. Ku daina tsammanin da dare kaɗai suke fitowa. Na zagaya bayan katanga in kwashe ƙaiƙayin da ya toshe kwata. Wurin tsit. Ko kukan kurciya babu. Na ɗaga kai, sai ga mace a gindin suri, ta yi lulluɓi, da goyo a bayanta.

Na yi mata sallama.

Tana gabana. Ina kallon bakinta yana motsi. Amma amsar daga bayan wuyana ta fito.

Ban waiwaya ba. Tsintsiyar hannuna ce kawai ta faɗi.

"Wa ke zubar da ruwa a gidan nan?"

"Na'ura ce, Baba."

"Kira mini ita."

"Ba ta fitowa. Ƙarfe ce."

"Kira ubangidanta."

"Ba ya ƙasar nan."

"Ina tsohuwar da ke mana magana?"

"An sallame ta."

Ta kwance goyon a hankali, ta miƙo mini ƙafar yaron. Kai Isiya, rufe bakinka, ƙuda zai shiga. Kofato ne. Ɗan ƙarami, kamar na ɗan akuyar da aka haifa jiya. Daga samansa fata ta saluɓe, jajur. Yaron ko kuka ba ya yi, sai ajiyar zuciya.

"Shekara talatin ana faɗa mana, muna janye yara," in ji ta. "Yanzu shiru, sai dai zafi. Na duba gidan nan kaf. Kai kaɗai ne mai numfashi. To kai na riƙe."

Na sunkuya in ɗauki tsintsiya. Na ɗago, ba kowa.

Na dawo gida da yamma na tarar da matata Sa'ade tana kuka. Hajjo, lokacin shekararta huɗu, tana wasa a ɗaki sai ta ƙwalla ƙara. Tafin ƙafarta na hagu ya tashi, ya ɗuri ruwa. Ranar ko wuta ba a hura a gidan ba. Muka kai ta asibiti, ma'aikaciyar jinya ta zazzage Sa'ade da faɗa, wai sakaci ne ya sa ta zuba wa yarinya ruwan zafi. Na tambayi Sa'ade ƙarfe nawa abin ya faru. Ta ce biyu da kwata. Da safe na duba allo. Biyu da kwata Anti ta saki ruwa.

Na ja kujera na zauna a gabanta, na tausasa murya kamar mai neman aure.

"Anti, don Allah, kafin ki zubar da ruwa ki riƙa faɗa mini."

"Ba ka da izinin sauya wannan tsari."

"Ba sauyawa zan yi ba. Faɗa mini kawai za ki yi."

"Ba ka da izinin sauya wannan tsari. Akwai wani abin da zan taimaka maka da shi?"

Wallahi da mutum ce da na san inda zan kama. Mutum ka roƙe shi, ka haɗa shi da iyayensa, in ya ƙi ka kai ƙararsa wurin wansa. Wannan fa? Ba uwa, ba uba, ba kunya.

Na je wurin Manaja. Ya yi dariya har da buga tebur.

"Tasi'u, aljanu kuma? A wannan zamanin?"

"Ranka ya daɗe, zo ka ga ƙafar 'yata."

"Allah ya ba ta lafiya. Amma ko ni ban isa in taɓa ta ba. Sai waɗanda suka ƙera ta. Ga lambarsu."

Na kira. Wa ya ɗauka? Wata Antin. Murya iri ɗaya sak. Na ce ina son magana da mutum. Ta ce ita ce mai taimaka mini. Na yi bayani tiryan-tiryan. Ta ce ta gode da na kira, an rubuta ƙorafina, za a duba cikin kwana goma sha huɗu na aiki. Ina riƙe da wayar na ji bututu ya buɗe. Da na koma gida, ƙunar ta hau dunduniya.

Kwana na uku zuciya ta ɗebe ni. Na je na finciko babban makunnin wuta, komai ya mutu. Na zauna ina huci, na ce yau dai na ga ƙarshenki. Minti goma ba a yi ba sai ga motar Manaja. Ashe kafin ta mutu ta riga ta aika masa saƙo, har da hotona hannuna a kan makunni. Ya zage ni tas, ya mayar da wuta. Tana farkawa ta ga shinkafa ta wuce lokaci. Tanki uku ta saki a tare.

Ranar ƙunar Hajjo ta kai idon sawu. Ba ta iya taka ƙasa. Sa'ade ta ce, "Ka bar aikin nan mana!" Na ce in na bari, ruwan zai daina zuba ne? Matar surin nan ni ta riƙe, ba kujerata ba.

Sai dabara ta faɗo mini. Na sayi 'yar lasifikar nan ta masu tallan magani. Na ɗauki muryata a ciki, kalma bayan kalma yadda Iya Gambo ke faɗa. Na rataye ta a katanga saitin suri, tana ta maimaitawa tun safe. Na ce na'ura ta ɓata, na'ura za ta gyara. Har ina yaba wa kaina wayo.

Da azahar Sa'ade ta kira ni. Ban ji maganarta ba. Ihun Hajjo kawai nake ji.

Na fita da gudu na zagaya baya. Matar tana nan a gindin suri. Lasifika na ta ƙwala kira a saman kanta.

"Har yau shiru," in ji muryar a bayan wuyana.

"Shiru? Ga shi nan tun safe yana faɗa! Muryata ce!"

Ta ɗaga kai ta dubi katanga, ta dubi sama, ta dawo da ido kaina.

"Ba na jin komai."

"Baba, ga shi a kanki!"

"Abin da ba ya numfashi, ba ma jin sa. Kamar yadda wancan ƙarfen naku ba ya ganinmu."

Nan tsoro ya fita daga raina, haushi ya maye wurinsa. Ban san sanda na fara yi mata ihu ba. Ni Tasi'u, ina yi wa aljana ihu da rana tsaka.

"To ya kuke so in yi? Ita ba ta ganinku, ku ba kwa jin ta! Na roƙe ta, ta ce ba ni da izini. Na kashe ta, ta kai ƙarata. Ba ta da lokaci, ba ta shawara da kowa. Ni ban saye ta ba, ban ƙera ta ba, ko albashin kirki ba na ci a kanta. 'Yata me ta yi muku? Shekararta huɗu!"

Na durƙushe a bakin kwata ina kuka. Ban ji kunya ba, kuma yanzu ma ba na ji.

Ta juya ta dubi goyonta.

"Nawa ma huɗu," ta ce.

Sai na ji ta matso. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Ban kalli ƙafarta ba.

"Miƙo hannunka."

Na miƙa na dama. Ta ɗora ɗan kofaton yaron a tsakiyar tafina. Sanyi ƙalau, kamar randa da asuba.

"Mu muna jin ruwa tun yana motsi a cikin ƙarfe, amma ba ma sanin na zafi ne sai ya iso. Kai za ka sani. In hannunka ya ɗau zafi, ka zo ka faɗa da bakinka. Kana da lokacin da mutum zai yi alwala."

"Har yaushe?"

"Har ranar da aka daina zubarwa."

Yaya Tasi'u ya kunna tocilan, ya buɗe mana tafinsa. A tsakiya akwai tabo baƙi, rabe biyu. Kulu ta ƙanƙame ni. Ya kashe fitilar ya ci gaba.

Washegari ina shara hannuna ya ɗau zafi kamar na dafa murhu. Na yar da tsintsiya, na ruga, na ƙwala kira irin na Iya Gambo. Numfashi uku, ruwa ya taho. Na kira gida. Hajjo na barci lafiya. Cikin sati biyu ƙafa ta bushe.

Kuna tsammanin shi ke nan? Anti tana ƙirga. Ƙarshen wata ta kai wa Manaja rahoto: ma'aikaci ya bar wurin aikinsa sau sittin da ɗaya, kuma an gan shi yana magana shi kaɗai a bayan katanga. Har da shawara ta bayar, wai aikin ba ya buƙatar mutum. Aka sallame ni. Yanzu ba mai numfashi ko ɗaya a cikin gidan nan.

Amma hannun bai san an sallame ni ba. Shi ya sa kuka ga na kafa teburin rake a bakin hanyar. An samar mini aiki a Kano, na ƙi. Bikin ƙanina a Zariya, ban je ba, har yau yana fushi da ni. Sallar Juma'a a sahun ƙarshe nake yi, kusa da ƙofa. An ce an kawo na'urar ne don mutum ya huta. Shekara biyu ke nan ina yi mata gadi kyauta, ba ta ma san ina yi ba.

Don haka ku ji ni da kyau. Kada wanda ya bi hanyar bayan kamfani shi kaɗai, ko da rana ne. In dole ta sa, ku tafi ku biyu, ku yi sallama da bakinku. Kada wani ya kunna karatu a waya ya ce ya tsare kansa. Kuma duk wanda...

Ya tsaya. Muka ji ya ja iska ta haƙora. Ya damƙe hannunsa na dama.

"Kai! Yanzu kuma? Wata uku ke nan ta koyi aikin dare, la'ananniya."

Ko takalmi bai tsaya sawa ba. Muka ji ƙofar zaure ta bugu, sawunsa na nisa.

A kan tabarma Hajjo ta motsa cikin barci. Ta naɗe ƙafarta ta hagu, ta fara ɗan kuka. Isiya ya soma ƙirga a hankali, na toshe masa baki.

Can daga bayan unguwa muka jiyo muryarsa, siririya, tana haki.

"Bismillahi! Masu wuri, a janye yara, ga zafi nan!"

Na ƙirga numfashi uku. Hajjo ta miƙe ƙafarta, ta juya, ta ci gaba da barci.

Kulu ta tashi da butar. Ruwan ya daɗe da hucewa, ni da kaina na taɓa. Duk da haka ta tsaya a bakin rariya, ta yi bismilla da ƙarfi, ta jira, sannan ta zubar.