Maɓallin Rigar Mama

Tun ranar da aka sallamo Mama daga asibiti, babu wanda ya sake zama da kyau a falon gidan. Mama ta ɗan motsa, an kawo matashi. Ta ɗan yi tari, kofi biyu na ruwa sun iso gabanta. Ta kalli taga, Yaya ta rufe don kada iska ta shigo, Auta ya buɗe don kada zafi ya dame ta, ita kuwa baiwar Allah tsuntsu kawai take kallo.

Mama tela ce. Ta fi shekara talatin tana ɗinki a ɗakin da ke kusa da ƙofa, kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta wata biyu da suka wuce. Hannun hagu ya yi nauyi, ƙafar hagu sai an ja, magana kuma tana fitowa amma a hankali, kalma ɗaya sai ta huta kafin ta biyu ta iso. 'Ya'yanta biyu ne. Akwai Yaya, babbar 'yarta mai shagon kayan kwalliya, wadda ba a taɓa jin ta yi magana ƙasa-ƙasa ba. Sai Auta, mai gyaran fanka da dutsen guga, wanda ya kai shekara talatin amma har gobe in Yaya ta harare shi sai ya duba ko rigarsa a juye take. Saboda tsananin ƙaunar uwarsu, su biyun suka kinkimi keken ɗinkinta suka kai sito, suka kulle, Yaya ta jefa makullin a jakarta.

Akwai kuma yarinyar da Auta zai aura, saura wata uku biki. Ma'aikaciya ce a ofishin jin daɗin jama'a. Aikinta zagayawa gidajen tsofaffi da masu lalura, ta duba abin da za a gyara don su ci gaba da rayuwarsu a ɗakunansu. Mama ce ta laƙaba mata suna 'Yar Fayil, domin ranar da ta fara zuwa gaisuwa daga ofis ta taho, fayil a hammata, kunya ta hana ta ajiye shi har ta tafi.

'Yar Fayil tana da wata ɗabi'a da ta koya da wuya. A shekararta ta farko a aiki, ta je gidan wani tsoho makaho, ta ga ɗakinsa a hargitse, ta zage ta gyara shi tsaf tana jiran yabo. Da ta koma bayan mako guda, tsohon ya ce mata, “Yarinya, kin gyara wa idonki ɗaki, ni kuma kin ɓatar da ni a cikin gidana. Kwana huɗu ina neman cokalina.” Tun daga ranar ba ta sake taimakon kowa ba sai ta tambaya: in taya, ko in jira? In aka ce ta jira, sai ta mayar da hannuwanta baya, ta riƙe ɗaya da ɗaya, ta ƙirga talatin a zuci, don ta san hannuwan nan nata ba su da haƙuri.

Wata Asabar da safe ta zo duba Mama. Auta ya fita sayen magani, Yaya ba ta iso ba tukuna. Ta tarar da Mama a bakin gado tana kokawa da maɓallan rigar sanyinta da hannu ɗaya.

“Mama, in taya ki, ko in jira?”

Mama ta ɗago, ta dube ta kamar an yi mata kyauta. “Ji… ra.”

'Yar Fayil ta mayar da hannu baya. Maɓalli na farko ya shiga. Na biyu sai da gumi ya tsattsafo a goshin Mama, amma ya shiga. Na ukun ne ya ce shi bai san zancen ba, ana kama shi yana suɓucewa. Mama ta cije leɓe, ta sake kamo shi, ya kusa leƙa ramin ke nan aka turo ƙofa.

Yaya ce. Abin da idonta ya gani shi ne uwarta tana gumi tana haki, ga kuma budurwa lafiyayya tsaye a kanta, hannu a baya kamar mai duba jarrabawa.

“Me nake gani haka?”

“Yaya, ina kwana. Mama ce ta ce—”

“Riƙe gaisuwarki!” Yaya ta wuce ta, ta durƙusa, ta ɓalla maɓallin da yatsa biyu cikin ƙiftawar ido. “Sannu Mama, sannu. Ashe haka ake yi miki in ba ma nan?”

Mama ta buɗe baki. “Ni… na…”

“Kin gaji, na sani. Kada ki wahalar da bakinki.”

Mama ta rufe bakin, ta sunkuyar da kai tana kallon maɓallin. Daidai nan Auta ya shigo da ledar magani, Yaya kuwa ta juyo kansa ta zazzage masa labari har da ƙari.

“Yau maɓalli ne, gobe abinci zai zube a jikinta tana tsaye tana kallo. In dai wannan za ka kawo gidan nan, to ba da ni ba. Kuma ƙarshen wata zan ɗauke Mama ta koma wurina, in ga wanda zai hana ni.”

Auta ya raka 'Yar Fayil bakin titi, yana ta sosa ƙeya.

“Ke ma da kin ce mata sori kawai, da an wuce wurin.”

“Zan ba Yaya haƙuri kan ɓacin ran da na sa ta. Amma ba zan ce na yi laifi ba don na bi maganar Mama.”

“Uwata ce fa,” in ji shi. “Ba fayil ba ce.”

Maganar ta soke ta ƙwarai. Ta haɗiye, ta ce, “Na sani. Shi ya sa na tambaye ta. Kai yaushe rabon da ka tambaye ta wani abu ka tsaya ka ji amsa?”

Ya kalli ƙasa, ya ce a ɗan dakata da maganar biki har hankalin Yaya ya kwanta. Ta ce to. Sai da ta shiga mota ta samu kujera kusa da taga, sannan ta saki kukan, har matar da ke gefenta ta miƙo mata hankici ba tare da ta tambayi dalili ba.

Tana son Auta, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Tana son yadda yake yi wa fanka magana in yana gyaranta, da yadda yake ajiye mata ɓangaren biredin da ya fi laushi. Kwana goma sha ɗaya ba kira, ba saƙo. Sau nawa ta rubuta masa dogon bayani ta goge, ita ma ba ta sani ba. Daga ƙarshe ta riƙa ajiye wayar a kan tebur, ta mayar da hannu baya, ta ce wa kanta: kin tambaye shi, yanzu sai ki jira.

A rana ta goma sha biyu, tana ofis tana kiran masu jira ɗaya bayan ɗaya, sai ta hango shi a kan benci tsakanin wata tsohuwa mai sanda da wani dattijo mai keken guragu, riƙe da katin layi kamar kowa. Ta ɗaure fuska, ta ci gaba da aikinta. Sai da layi ya zo kansa ta kira lambarsa.

“Malam, me ke tafe da kai?”

“Na zo kawo ƙarar kaina,” in ji shi, ya zauna a gefen kujera. “Jiya da safe na kai wa Mama shayi. Na ɗebo a cokali zan ba ta, ta datse baki. Na roƙa, na lallasa, ta ƙi. Ta dube ni, ta dubi hannuna, sannan ta dubi bayana. Sai na gane. Na ajiye cokalin, na mayar da hannu baya yadda kika taɓa faɗa mini kina yi, na fara ƙirga. Wallahi ban san talatin tana da nisa haka ba.”

“Ka kai?”

“A sha tara ta yi magana. Cewa ta yi, ‘Ita kaɗai ta tambaye ni.’” Ya share ido da bayan hannu. “Wata biyu ina cewa Mama ba ta iya doguwar magana, ashe mu ne ba mu iya dogon shiru ba. Ta sha shayinta da kanta, ta zubar da kaɗan, ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kafin asibiti. Ki yafe mini abin da na faɗa miki a bakin titi.”

'Yar Fayil ta ji hawaye na neman tona mata asiri a gaban abokan aiki. Ta gyara takardun da ba sa buƙatar gyara, ta ce, “To yanzu, in taya ka, ko in jira?”

“Ki taya ni, don Allah. Yaya ce a gaba, ni kaɗai ba zan iya ba.”

Da yamma suka taru a falo. Yaya na ganin 'Yar Fayil ta miƙe za ta fara, sai Auta ya yi abin da bai taɓa yi ba tun haihuwarsa.

“Yaya, ki zauna. Mama za ta yi magana, kuma babu mai ƙarasa mata.”

Mamaki ne ya zaunar da Yaya, ba biyayya ba. Mama ta gyara zama, ta ɗauki lokacinta.

“Hannuna… ne ya mutu. Ni… ban mutu ba.”

“Haba Mama, wa ya ce—”

“Yaya,” in ji Auta. Yaya ta toshe bakinta da tafin hannu.

“Maɓallin nan… saura kaɗan… in sa shi. Kika… ƙwace mini.” Mama ta huta, ta miƙa hannun dama. “Ba na… tashi daga gidana. Ba ni… makullin sito.”

Yaya ta fashe da kuka, kukan gaske, ba na rigima ba. Ta ce ita tsoro take ji. Ita ce ta tsinci Mama a ƙasa kusa da keken nan ranar da abin ya faru, tun daga lokacin in ta rufe ido abin da take gani ke nan. 'Yar Fayil ta matso ta durƙusa kusa da ita.

“Yaya, tsoronki gaskiya ne, ba wanda zai ce ki daina. Sai dai mu yi aiki da shi. A sa ƙarfen riƙewa a banɗaki da gefen gado, a ɗauke wannan dardumar mai zamewa, a rataya wa Mama waya a wuya. Likita ma zai duba ya faɗa mana iyakar abin da za ta yi. Amma kowanne sai Mama ta ce to.”

Yaya ta dube ta ta cikin hawaye. “Ke dai kin cika tsari.” Ta zuge jaka, ta lalubo makullin, ta sa a tafin Mama.

Mama ta amince da komai ban da ɗauke dardumar, wai tsarabar marigayi mijinta ce. Aka yi shawara, Auta ya manne ta da ƙasa. Ya kuma fito da keken daga sito, ya ɗaura masa moton lantarki, ya sa abin takawar a ɓangaren ƙafar dama. Mama ta koyi danne yadi da hannun hagun nan mai nauyi, ta ce ashe yana da amfani, ya fi dutse zama wuri ɗaya. Ɗinkin farko ya fito a karkace, na biyu ma haka. Kafin wata ya cika, tsofaffin masu kawo mata ɗinki sun fara leƙowa da gyaran siket da na wando. Yaya kuwa hannu a baya ya gagare ta, sai ta koma zama a kan hannuwanta, tana ƙirga talatin da ƙarfi har maƙwabta na ji.

Ba a ɗaga biki ko da kwana ɗaya ba. Rigar ango Mama ce ta ɗinka, mako uku tana kanta. Da safiyar ranar, ta kira Auta ya tsaya a gabanta, ta ce ita za ta ɓalla masa maɓalli. Na farko ya shiga, na biyu ya shiga, na uku ya fara halinsa. Auta ya mayar da hannu baya, Yaya ta zauna a kan nata. A ashirin da shida maɓallin ya shige, Yaya ta saki ihu har sai da aka leƙo daga waje.

Da aka ba amarya labari, dariya ta yi har da hawaye. Haƙurin kwana goma sha ɗaya ya ba ta miji, ya ba ta uwa, ya ba ta yayar da yanzu ba ta sayen ko labule sai ta kira ta shawara.

Darasin a fili yake ga duk mai jinyar wani nasa. So yakan sa mutum ya yi wa masoyinsa komai, har ya raba shi da ɗan abin da ya rage masa. Kafin ka miƙa hannu, ka tambaya, in ka tambaya kuma ka tsaya ka ji amsa. Mama har yau tana ɗakinta na kusa da ƙofa, makullin sito yana rataye a wuyanta tare da waya, kuma duk wanda ya shigo zai taimaka mata sai ya fara tambaya.