Kafaɗar Mai Fenti

"Ya cinye?"

Da ƙyar muryar Auta ta fito. Likita ya sake nuna hoton ƙashin da ke jikin allo.

"Ya cinye. Fiye da shekara goma hannun nan yana sama yana fentin rufin ɗaki, ai ƙarfen da ke kafaɗar ya yi ƙoƙari. Dole a canza shi."

Ta juya ta kalli Mai Fenti, mutumin da ta rantse wa Baba cewa lafiyarsa ƙalau. Kansa na ƙasa.

"Ka sani?"

"Kafaɗar ta kwana biyu tana min ciwo..."

"Kuma ka bar ni ina ta cika baki a gida!"

"Tsoron rasa ki nake, Autata."

Ɗan Gwaggo, wanda ya daɗe yana zarya a kanta ba ta ko kallonsa, shi ya kai wa Baba gulmar cewa saurayin nata ƙarfe ne a kafaɗarsa tun wani tsohon hatsari. Baba ya kafe, ba zai ba da 'yarsa ga wanda hannunsa zai mutu ba, sai ya ji daga bakin likita. Ita da kanta ta jawo Baba asibitin, har da murnarta. Ga shi yanzu a kujerar gefe, ya ji komai.

"Ku saurara," in ji Likita. "Wanda ya yi aikin farko bai sare ƙashin ba. Kan gaɓar kawai ya gyara, ya kifa masa murfi. Ƙashin na nan da ƙarfinsa, don haka sabon aikin yana da wurin zama. Ba zan ce an gama har abada ba, amma ina sa ran zai koma sana'arsa."

Auta ta rufe ido, tana jiran Baba ya tashi ya fita.

"Likita... tsoho fa? Wanda hannunsa ya daina wuce nan?"

Muryar Baba ce. Ta buɗe ido. Baba ya ɗaga hannun dama, ya tsaya daidai ƙirji yana rawa.

"Baba..."

Ashe ba ciwon ido ne ya raba shi da aikin kafinta ba, kamar yadda aka gaya musu. Ashe shi ya sa kullum sai Mama ta turo ƙofa kafin ta taya shi sa kaya. Kunya da tausayi suka rufe ta.

Likita ya ce ya cire riga. Baba ya kama wuyanta ya ja, ta maƙale, gumi ya keto masa.

Mai Fenti ya taso ya durƙusa gabansa.

"Baba, hannu mai lafiyar ake fara fitarwa. Mai ciwon daga baya, a hankali."

Ya taya shi, rigar ta sulale. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Rabon da a cire min riga ban cije leɓe ba, har na manta. Na san abin da mataccen hannu ke yi wa magidanci, yaro. Shi na guje wa 'yata."

Hawaye suka zubo wa Auta.

"Ka ce wa iyayenka su zo," in ji Baba. "Amma kai za a fara yi wa aikin. In na ga ka fito lafiya, sai in kwanta a yi min nawa."