Inci Huɗu na Ladabi

Da sunan Allah muke farawa. Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ji labarin wata yarinya mai tausayi, wadda tausayinta ya kusa rufe shagon mahaifiyarta.

Yarinyar ita ce ƙarama a gidansu, saboda haka kowa Auta yake ce mata. Mahaifiyarta ta daɗe tana ɗinki a cikin ɗaki. Daga baya ta yi ƙarfin hali, ta kama ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da littattafai. Shagon ƙarami ne ƙwarai. Keken ɗinki ɗaya ne a ciki, da teburin yanka, da bencin masu jira, da dogon madubi mai tsaga a kusurwa.

Idan an tashi daga makaranta, Auta takan wuce shagon ta taya Umma aiki. Aikin da ta fi so shi ne awo. Takan rataya tef a wuya kamar wata babbar tela. Ita za ta auna mace, ta faɗi lambar da ƙarfi, Umma kuma tana kan keke ta rubuta da alli a bayan yadi.

Wata rana wata mata mai jiki ta kawo ɗinki. Auta ta zagaya ƙugunta da tef, ta faɗi lambar yadda kowa ya ji. Sai wata da ke zaune a benci ta yi dariya, ta ce ba ta san tef yana da tsawo haka ba. Matar mai jiki ta fasa ɗinkin. Ta naɗe yadinta, ta yi sallama, ta fita.

Abin ya tsaya wa Auta a rai. Ta yi ta tunani, har ta yanke hukunci cewa babbar lamba ita ce take korar mutane.

Ba a daɗe ba sai ga shugabar makarantarsu ta shigo shagon da kanta. Mace ce mai kwarjini, kuma Allah ya hore mata jiki. Ta zo da wani yadi shuɗi mai tsada, wanda ɗanta ya kawo mata tsaraba daga tafiya. Ta ce doguwar riga take so, ta saka ranar ba ɗalibai kyaututtuka. Ta ƙara da cewa idan ɗinkin ya yi kyau, za ta ba Umma ɗinkin kayan makaranta na sababbin ɗalibai.

Umma ta ji kamar ta tashi sama. Tun da ta buɗe shagon, irin wannan aikin take roƙon Allah ya kawo mata.

Auta ta ɗauko tef. Mata biyu suna zaune a benci, sun kasa kunne. Ta zagaya ƙugun Malama da ƙyar, ta duba. Arba'in da shida. Ta dubi matan, ta dubi fuskar Malama.

Ta ce, "Arba'in da biyu."

Umma ta tsai da keke. Ta ɗago kai, ta dubi Malama daga sama har ƙasa, ta tambayi Auta ko ta tabbata.

Kafin Auta ta buɗe baki, Malama ta amsa, fuskarta cike da fara'a. Ta ce, "Ki rubuta, 'yar'uwa. Yarinyar nan ɗalibata ce, ta iya lissafi. Dama na rage shan sukari, ashe abin ya fara aiki."

Umma ta rubuta. Ba ta so ta yi gardama da babbar baƙuwa.

Da Auta ta ga an ji daɗi, sai ta ci gaba. Ta rage inci huɗu a ƙirji. Ta rage huɗu a kafaɗa. Da ta zo kan tsawon hannu, ta ɗan yi jinkiri, sannan shi ma ta rage masa huɗu. Malama ta shafa kan Auta, ta sa mata albarka, ta tafi tana taku kamar budurwa.

Umma ta zuba duk gwanintarta a kan rigar. Ta yi ɗinki mai kyau, ta goge, ta rataye. Sai dai ta yi mamakin yawan yadin da ya ragu. Ta ninke ragowar ta ajiye wa mai shi, domin ba ta riƙe ƙyallen kowa. Ita kuwa Auta, duk lokacin da ta kalli rigar, sai ta kau da kai. Ta riƙa fatan ko Malama za ta rame kafin ranar gwaji.

Malama ba ta rame ba.

Ranar gwaji Malama ta zo da murna, aka turo ƙofa, ta ɗaga hannuwa ta zura rigar ta ka. Rigar ta wuce kai lafiya. Ta iso kafaɗa, ta tsaya cik. Hannuwan Malama suka maƙale a sama kamar mai shirin kama ƙwallo, fuskarta kuma ta ɓace a cikin yadi.

Umma ta kama gindin rigar tana ja ƙasa. Wata mai jiran ɗinki ta taso don ta taimaka, ta kama wuyan rigar tana ja sama. Malama tana tsakiya, tana tangaɗi.

Sai aka ji muryarta daga cikin rigar, irin muryar da take yi wa ɗalibai magana da safe. Ta ce, "Bayin Allah, ku tsai da shawara ɗaya. Ko sama, ko ƙasa."

Aka zaɓi sama. Da aka ja da ƙarfi, ɗinkin gefe ya ce ɓarar, Malama ta fito tana haki. Ɗankwalinta da tabaranta suka bi rigar.

Umma ta durƙusa ta ba da haƙuri. Ta ce laifinta ne, domin shagonta ne, kuma almakashinta ne ya yanka yadin. Ba ta ko kalli Auta ba. Malama ta mai da tabaranta, ta dubi tsaraban ɗanta a yage, ta ce maganar kayan makaranta sai ta sake tunani.

Nan Auta ta kasa daurewa. Ta fito daga bayan tebur, hawaye yana zuba. Ta ce, "Malama, ba Umma ba ce. Ni ce na rage inci huɗu a ko'ina."

Malama ta ce, "Saboda me?"

"Saboda ladabi. Na ji nauyin in faɗi lambar a gaban mutane."

Malama ta ɗaga hannun rigar, wanda ko gwiwar hannunta bai wuce sosai ba. Ta ce, "To shi wannan fa? Shi ma kunya yake ji?"

Auta ta share hanci. Ta ce, "Na ga bai dace in rage wa wani sashe in bar wani ba."

Malama ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, amma abin ya gagara. Ta zauna a benci tana dariya har da riƙe ciki. Da ta natsu, ta ce ita ma tana da nata laifin. Ranar da ta ji arba'in da biyu, gida ta koma ta ƙara sukari a shayinta saboda murna. Umma ma ta ce idonta ya gaya mata gaskiya tun farko, tsoron rasa aikin ne ya rufe mata baki.

Malama ta ce ta yafe, amma ranar kyaututtuka ba za ta ɗaga ba. Idan rigar ta gyaru kafin nan, maganarsu tana nan. Idan ba ta gyaru ba, sai haƙuri.

Umma ta sake awo da hannunta. Ta ɗauko ragowar yadin da ta ajiye, ta ga zai isa a ƙara a gefe da gefe, da kuma bakin hannu. Amma sai an farke ɗinkin duka, a hankali, kada yadin ya lalace. Wannan aikin Auta aka ba.

Ƙawayenta suna wucewa zuwa wasa, ita tana zaune tana cire zare ɗaya bayan ɗaya. Yatsunta suka yi ciwo, wuyanta ya ƙage. A nan ta gane cewa faɗin lamba ɗaya ba wuya, amma warware abin da ta jawo aiki ne babba.

Suna cikin aikin Umma ta ce mata, "Auta, Allah ya umarce mu da cika awo. Ba masu sayar da hatsi kaɗai ake nufi ba, har da mu masu tef. Wanda ya rage don kwaɗayi ya tauye, wanda ya rage don tausayi ma ya tauye."

Auta ta ce ta tuba. Sannan ta tuna wa Umma matar nan da aka yi wa dariya ta fita. Ta ce ba ta so a yi wa Malama haka ba ne.

Umma ta ce, "Ciwon da kika gani gaskiya ne, maganin ne kika kuskure. Ni kuma da nake babba, ban ma lura da ciwon ba."

Washegari Umma ta ɗinka labule, ta tsaga shagon biyu. Daga ranar, a bayan labule ake awo. Auta ba ta ƙara faɗin lamba da baki ba. Takan danne wurin da yatsa, ta kai wa Umma tef ɗin ta gani da idonta.

Rigar ta gyaru a kan lokaci. Malama ta saka ta ranar kyaututtuka, ta ɗaga hannu ta sauke yadda take so. Da aka tashi, ta aika wa Umma cewa ta shirya karɓar aikin. Mata kuma suka ji labarin shagon da ake awo babu mai jin lambar wani, suka riƙa zuwa, har Umma ta sayi keke na biyu.

To, 'ya'yana, ga darasin. Ƙarya ba ta zama ladabi, ko da niyyar mai yin ta kyakkyawa ce. Idan kun ji nauyin faɗin gaskiya a gaban jama'a, ku nemi hanyar faɗinta a asirce, amma kada ku rage mata komai. Allah ya sa mu cikin masu gaskiya da rufa wa juna asiri, amin.