Kogi a Gindin Taga

A wani gida da ke ƙarshen layi, akwai wata yarinya da hankalinta bai cika zama inda jikinta yake ba. Za ka gan ta zaune a ɗaki, amma tunaninta yana can sama. Shi ya sa 'yan gidan suke ce mata Gajimare.

Idan Mama ta aike ta ɗauko cokali, sai ta tsaya kallon fuskarta a bayan cokalin. Idan malama ta yi tambaya a aji, sai ta ce, "Gajimare, sauko ƙasa tukuna, sannan ki ba mu amsa." Yara su yi dariya. Ita ma ta yi murmushi, don ba ta da saurin fushi.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ce mata ta sauko ba. Ita ce Kaka, mahaifiyar Mama. Ita sai dai ta ce, "To, me kika gano mana yau a can?"

A lokacin nan Kaka tana asibiti. Tari ne ya kama mata ƙirji. Da ta sami sauƙi, likita ya ce za a sallame ta, amma sai an sama mata ɗaki mai iska, busasshe, wanda babu danshi ko kaɗan.

Kawu, yayan Mama, ya so ya tafi da ita gidansa. Gidan Kawu kuwa da nisa. Sai mutum ya yi barci a mota, ya farka, ya tarar ba a iso ba. Mama ta ce a'a, ga ɗakin baya nan mai babbar taga.

"Idan na ga ɗakin ya yi, shi ke nan," in ji Kawu. "Idan bai yi ba, zan tafi da Inna. Ba na son musu."

Gajimare ta ji wannan magana. Babu abin da take so a duniya kamar Kaka ta zauna a gidansu.

Ana gobe sallama, ko kuwa ana jibi ne, Mama ta raba aiki. A'a, ana gobe ne, don ranar babu makaranta. Yaya, wan Gajimare, shi zai ɗaura gado ya kawo katifa. Mama za ta wanke labule. Gajimare kuma aka ba ta taga.

Tagar ta gilashi ce, irin wadda ba a turawa waje. Jan ta ake yi gefe, gilashi ɗaya ya wuce ta bayan ɗaya. A ƙasanta akwai wani ɗan kwari na ƙarfe, dogo, siriri. A cikinsa gilashin yake tafiya a kan 'yan ƙananan tayoyi.

Mama ta ja gilashin. Ya yi ƙara, ya cije a tsakiya.

"Kin ji kukanta?" in ji Mama. "Datti ne ya cika mata hanya. Ga tsohon buroshin haƙori. Ki fara share kwarin nan a bushe. Sannan ki goge da jiƙaƙƙen tsumma. Gilashi shi ne na ƙarshe."

"To, Mama."

"Ki bar hankalinki a ɗakin nan, kin ji?"

Yaya yana ɗaure ƙafar gado ya ce, "Mama, ki ɗaura mata igiya a ƙafa. Da taga a buɗe za ta iya tashi."

"Ai da kai zan tafi," in ji Gajimare. "Sai dai ka yi mini nauyi."

Ta kama aiki da gaske. Ta share yashi da busasshen ganye. Ta fito da matattun ƙudaje, da wani maɓalli, da ɗan kunnenta da ya ɓace tun bara. Ta goge kwarin har ya fara ƙyalli. Ta ja gilashi, sai ya zame sumul, babu ƙara.

Sai ta ce bari ta ɗauraye. Ta ɗebo ruwa a kofi, ta zuba a hankali.

Ruwan ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan. Rana ta faɗo a kansa. Sararin sama ya shigo ciki, shuɗi, da ɗan farin girgije yana tafiya. Gajimare ta ɗora haɓarta a kan dakalin taga. Wannan ai kogi ne.

Ta ɗauki wani ɗan ganye ta ajiye a kan ruwan. Ya zama jirgi. Kaka tana zaune a gaba, babu tari, mayafinta yana kaɗawa. Ita kuma tana baya tana tuƙi. Sun wuce garin tsuntsaye. Sun wuce wata gada da aka yi da haske. Kifaye suna leƙowa suna yi wa Kaka sannu da jiki.

Sai jirgin ya tsaya. Ruwa ya ƙafe.

Ta ƙara zubawa. Ya sake tafiya. Ta sunkuya ta duba da kyau. Ashe akwai wasu 'yan ƙananan huji a jikin ƙarfen, ta ɓangaren waje. Ta nan koginta yake gudu.

"Wa ya huda mana taga?" ta ce a ranta. "Lalle mai haɗa ta ya yi kuskure."

Mama tana nan tsakar gida tana shanya. Kira ɗaya za ta ji. Amma Gajimare ba ta kira ba. Akwai cingam a bakinta. Ta gutsura shi, ta cusa a kowane huji, ta danna da yatsa.

Yanzu kogi ya zauna. Jirgi ya ci gaba da tafiya, har suka isa inda teku yake haɗuwa da sama.

"Gajimare, kin gama?"

Ta zabura. Ta tsane ruwan da tsumma, ta goge gilashi ciki da waje. Ta tuna da cingam, amma ta ce a ranta ai gara haka, tururuwa ba za ta sami hanyar shigowa ta ciji Kaka ba.

Mama ta zo ta ja gilashin da yatsa ɗaya. "Madalla da 'yata. Yau kam kin sauko."

Aka tura gado gindin taga, don Kaka ta riƙa ganin waje. Aka shimfiɗa sabon zanen gado. Yaya ya rufe taga ya sa sakata.

Washegari suna aji hadari ya haɗu. Ruwa ya sauko da iska mai ƙarfi, yana dukan gilashi kamar ana watsa tsakuwa. Gajimare tana kallo tana jin daɗi. Tana cewa a ranta, yau Kaka za ta kwana gidanmu.

Da ta dawo gida, ta tarar da katifa a jingine a baranda, tana ɗiga. Mama tana ɗakin baya da bokiti da tsumma. Bangon da ke ƙasan taga ya jiƙe sharkaf.

"Kai ka bar ta a buɗe?" Mama take tambayar Yaya.

"Wallahi na rufe, Mama. Ga sakata nan yadda na sa ta."

Kafin Mama ta amsa, aka yi sallama. Kawu ne, riƙe da hannun Kaka. Ta rame, amma idonta yana nan da haskensa. Aka zaunar da ita a kujera a falo.

Kawu ya shiga ɗakin baya. Ya dafa bango. Ya dubi tafin hannunsa.

"Taga a rufe, ruwa a ɗaki," ya ce. "Wannan taga yoyo take yi. Duk ruwan da aka yi, haka za a yi ta fama. Ba zan bar Inna a nan ba."

"Ai tagar nan ba ta taɓa yin haka ba," in ji Mama.

"To yau ta yi. Kada a sauke jakarta daga mota."

Gajimare ta matsa kusa da taga. Ta leƙa cikin kwarin. A cike yake taf da ruwa, yana malalowa ta ciki, yana bin bango. Ta gane. Ruwan sama ya nemi hanyar fita bai samu ba.

Idan ta yi shiru, babu wanda zai sani. Amma za a ce taga ce ba ta da kyau, Kaka kuma ta tafi ke nan.

"Kawu," ta ce. "Tagar ba ta da laifi. Ni ce."

Kowa ya juyo. Ta buɗe gilashi, ta ɗauki tsinken tsintsiya, ta zaƙulo cingam daga huji na farko. Nan take ruwa ya tsiyaye ta waje. Ta zaƙulo sauran. Kafin a ce me, kwari ya zama fanko.

Kawu ya sunkuya ya duba. "Me ya kai cingam nan?"

Ta faɗa musu duka, har da jirgin ganye. Yaya ya toshe baki yana dariya. Mama ta harare shi ya yi shiru.

"Zo nan," in ji Kawu. Bai yi tsawa ba. "Idan ruwa ya daki gilashi, ina yake zuwa?"

"Yana gangarowa ƙasa."

"Ya shiga ina?"

"Cikin kwarin."

"To waɗannan huji su ne ƙofarsa ta fita. Da gangan aka yi su. Kin rufe masa ƙofa, sai ya shigo ɗakin Inna."

Hawaye ya zubo mata. "Na ɗauka kuskure ne."

"Ina tsakar gida fa," in ji Mama a hankali. "Me ya hana ki tambaye ni?"



Duk da haka Kawu bai sauke jaka ba. Bango ya jiƙe, katifa ta jiƙe, ƙirjin Kaka kuma ba ya son danshi. Ya ce zai tafi da ita. Idan ɗaki ya bushe, zai zo ya duba da kansa.

Gajimare ta durƙusa gaban Kaka tana kuka. "Kaka, ki yafe mini."

Kaka ta shafa mata kai. "Wato a jirgi kika sa ni, ko tambayata ba ki yi ba? Ni da ko kwalbati ba na son tsallakewa."

Gajimare ta yi dariya cikin hawaye.

"Share fuskarki," in ji Kaka. "Ki busar mini da ɗakina. Gidan kawunki babu mai ba ni labarin sama."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Gajimare tsawo. Kullum da safe, kafin ta tafi makaranta, sai ta buɗe tagar ɗakin baya don iska ta shiga. Ita da Yaya su fitar da katifa rana, su juya ta, su mayar kafin yamma. Idan ta ga hadari, ita ce ta farko da za ta ruga ta rufe. Ta share kwarin da buroshi. Ta zura tsinke a kowane huji don ta tabbata babu abin da ya toshe.

Wani lokaci takan dafa bango ta rufe ido. Da farko sanyi ne da shi kamar tulu. Daga baya ya fara ɗumi.

An sake yin ruwa mai ƙarfi. Gajimare ta tsaya a ɗaki tana kallo. Ruwa ya gangaro, ya shiga kwari, ya fice ta waje. Ko ɗigo bai shigo ba.

Da Kawu ya dawo, Kaka tana mota, don ta ƙi yarda a bar ta a gidansa. Ya dafa bango. Ya danna katifa, har ya sansana ta. Sannan ya ce a ba shi buta. Ya zagaya waje, ya kwarara ruwa a jikin gilashi. Gajimare ta zuba wa kwarin ido daga ciki.

Ya dawo ya shafa dakalin taga ta ciki. A bushe.

"Je ka ɗauko jakar," ya ce wa Yaya.

Da yamma Kaka tana kishingiɗe a gadonta, iska tana shigowa a hankali. Gajimare tana zaune kusa da ita. Sai idonta ya kai kan wani abu a gefen gilashin. Wani siririn gashi ne, baƙi, a jere daga sama har ƙasa. Bakinsa ya ɗan ɗago. Yatsunta suka kai kansa, za ta ja. Sai ta tsaya. Ta mayar da hannunta cinya.

"Mama," ta kira. "Wannan gashin na mene ne?"

Mama ta leƙo. "Shi yake hana ƙura da sauro shigowa ta tsakanin gilasan. Mayar da shi wurinsa, kada ki cire."

Gajimare ta danna shi ya koma.

"Ashe taga ma tana da gashin baki," in ji Kaka. "Ya fi na kawunki tsari."

Suka yi dariya har Mama ta ce a bar Kaka ta huta.

Kaka ta kama hannun jikarta. "Ki yi ta mafarkinki, babu mai hana ki. Amma duk abin da kika gani ba ki san amfaninsa ba, kada ki toshe, kada ki cire. Ki tambaya tukuna."

"Na ji, Kaka."

"To matsa mini gilashin nan kaɗan. Ina so in ga bishiyar can."

Gajimare ta sa yatsa ɗaya ta tura. Gilashi ya zame, babu ƙara.