Uwar da Aka Hana Cire Rai

Na san mai gyaran keken nan tun yana facin taya a bakin titi, yara na zagaye da shi kamar ƙudaje. Ba yunwa ce ta kai shi wurin boka ba, baƙin cikin ganin motocin wasu ne.

Ɗakin bokan ba taga. Ga ƙwarya cike da baƙin ruwa, ga jan ƙyalle a bango, ga tulin takalman yara a lungu, duk wari-wari.

"Yaro za ka kawo," in ji boka, "wanda zai biyo ka don kansa."

"Shi ke nan?"

"Saura ɗaya. Muddin uwarsa na jiran dawowarsa, arzikinka na hawa. Ran da ta cire rai, za mu karɓi namu a gidanka."

Mai gyaran keken ya yi murmushi. "Uwa ai ba ta cire rai."

Autan maƙwabciyarsa ya ɗauka, da sunan zai koya masa keke. Yaron da kansa ya haye baya, ya riƙe masa riga gam. Tun ranar ba a ƙara ganin yaron ba.

Dukiya ta zo, shaguna, motoci, amma hankalinsa bai ƙara kwanciya ba. Kullum yana ƙofar matar. Shi ke buga hoton yaron, shi ke raka ta wurin 'yan sanda. Da ya ga jikinta ya fara sanyi, sai ya ƙago labari, wai an ga mai kama da shi a tasha. Baiwar Allah ta zari mayafi ta fita, ta dawo ƙafafu a kumbure. Ni dai ban taɓa ganin mugunta irin wannan ba.

Bayan shekaru, wata safiya ya tarar tana rabar da kayan yaron.

"Yaya, na gode da ɗawainiya," ta ce. "Na gaji. Na bar wa Allah."

"Haba ƙanwata, ko jiya an ce an ga..."

"Ko an ce, ba inda za ni."

Ba a jima ba babban ɗansa ya yanke jiki ya faɗi, bai tashi ba. 'Yarsa ta bi. Matarsa ta zauce, wuta ta cinye shagunan.

Kai mai kwaɗayin arzikin dare ɗaya, je ka gan shi kafin ka taka ƙofar boka. Yana nan cikin tsumma a ƙofar matar, yana roƙonta: "Ki jira shi, yana hanya." Ita ke miƙo masa abinci tana share hawaye, tana gaya wa mutane duk unguwar ba wanda ya so ɗanta kamarsa.